Yadda Notepad Ya Cinye Kundin Wata Ɗaliba

A makon jiya, a wani shagon buga takardu da ke Barnawa, na tarar da wata ɗaliba ta yi tagumi a gaban kwamfuta. Kundin bincikenta na kammala karatu ne ya ƙi buɗuwa a Word. Yaron shagon ya buɗe shi da Notepad, ya ga tarkacen alamomi, ya goge waɗanda ya zaci ƙwayar cuta ce, sannan ya adana. Aikin wata huɗu ya salwanta.

Yaron bai yi da mugunta ba, rashin sanin abin da ke hannunsa ne. Tun daga Office 2007, fayil mai ƙarewa da docx ƙunshi ne na ZIP, an matse ƙananan fayiloli da dama a cikinsa. Shi ya sa haruffa biyun farko da Notepad ke nunawa su ne PK, farkon sunan Phil Katz, wanda ya fito da tsarin a 1989. Abin da ya biyo baya lambobi ne daga 0 zuwa 255, Notepad kuwa harafi kaɗai ya sani. Lambar da ba ta da harafi, kamar sifili, yakan musanya ta da gurbi, kuma ba ya gargaɗi. Buɗewa ba ta ɓata komai. A wajen adanawa ake yin ɓarnar, domin sabon ya hau kan tsohon.

Haka hoton fasfo na JPEG yake. PDF ma yana da jadawali a ƙarshensa mai nuna inda kowane sashe ya fara, don haka ƙarin harafi ɗaya kan gusar da lissafin gaba ɗaya. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri sun san abin da tsinkewar zare ɗaya ke yi wa ƙyalle.

Ni dai laifin na fi ɗora shi a kan masu shagunan, daga Sabon Tasha har Kakuri, da ke sakar wa yara takardun mutane ba tare da koya musu kwafe fayil kafin taɓa shi ba. Word yana da hanyarsa ta gyara fayil a lokacin buɗewa, da ita ya kamata a fara.

Ɗalibar ta samo kwafin da ta tura wa malaminta ta WhatsApp mako uku da suka wuce. Babi biyu na ƙarshe ba sa ciki.