An Tsare Ƙofa, An Manta Da Tanki

Ran Litinin, 4 ga watan Mayu, 2020, Gwamnatin Tarayya ta fara sassauta dokar zaman gida a Ikko da Abuja, bayan mako biyar ana kulle saboda annobar korona. Wanda ya fita a ran nan ya ga yadda jama'a suka yi dafifi a ƙofofin bankuna. Kowane ofis da kanti ya ajiye bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa, ga mai gadi riƙe da na'urar auna zafin jiki. Wannan kuwa daidai ne. Sai dai duk tsaron an yi shi ne don cutar da mutum zai shigo da ita, ba a kula da wadda ginin ya haifa yana rufe ba.

Abu na farko shi ne ruwa. Idan ya kwanta cikin tanki da bututu na makonni, maganin da ke tsarkake shi, watau kulorin, yakan salance, ƙwayoyin cuta su sami wurin hayayyafa. Daga cikinsu akwai wadda ake kira Lijiyonela. An san ta ne bayan wani taron tsofaffin sojoji a wani otal na birnin Filadalfiya ta Amurka cikin 1976, inda mutum fiye da 200 suka kamu da ciwon huhu, 34 suka mutu. Tana bunƙasa cikin ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 45, irin ɗumin tankin roba da ke shan rana a kan rufin benayenmu. Galibi ba ta hanyar sha take kama mutum ba, ta hanyar shaƙar feshin ruwan ne, kamar wajen wanka da shawa.

Saboda haka kafin a buɗe gini, wajibi ne a zubar da ruwan tanki, a wanke shi da kulorin, sa'an nan a buɗe kowane famfo har sabon ruwa ya kori tsohon. Mai wannan aiki ya rufe hancinsa, ya murɗa famfon a hankali. Inda akwai tukunyar ruwan zafi, a kai ta digiri 60.

Na biyu, iska. Korona ta fi yaɗuwa a ɗakin da ke cunkushe, iska ba ta ratsa shi. A buɗe tagogi, a wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki, janareta kuma ya zauna a waje, don gubar hayaƙinsa ba ta da wari, tana kuwa kisa.

Na uku, ɓera. Kantin da aka rufe da kayan abinci ciki gidansa ne, kuma fitsarinsa da kashinsa su ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno cikin 1969. Kada a share irin wannan wuri a bushe. A yayyafa ruwan bilic tukuna, a zubar da duk abincin da ya taɓa. Har ila yau ɓera yana gaigayar wayar lantarki, don haka a kira mai gyaran wuta ya duba kafin a kunna komai, kada murnar buɗe kanti ta ƙare da gobara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ran 5 ga watan Mayu, 2023. To, amma rufe gine-gine bai ƙare ba: yajin aiki, rikici ko rashin ɗan haya duk suna sa a garƙame gini wata da watanni. Mai gini ya sani, rayukan ma'aikatansa da na masu ciniki amana ce a wuyansa, kuma kuɗin wanke tanki bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Allah Ya kiyashe mu.