KAREN DA BA A BA SHI ABIN TAUNA BA, IGIYARKA ZAI CI

Daga wani ɗan ƙungiya, New Bell, Duwala

'Yan uwa fatake da dillalai, na nan Duwala da na Ngaundare, Garwa, Marwa, har zuwa Mubi da Injamena, duk inda wannan takarda ta iske ku. Na san wani zai ga kan maganar nan ya yi dariya, ya ce yau kuma zancen kare aka kawo mana, alhali ga zancen kuɗin mota da na duwan da shingayen hanya. To, a yi haƙuri a karanta. Wanda ya taɓa tashi da asuba ya tarar da turke babu sa, shi ba zai yi dariya ba.

'Yan shekarun baya, ana saura mako guda Babbar Salla, na sauke raguna a wani fili da nake haya a nan New Bell, tare da bijimai biyu Gudali waɗanda wani mahauci ya riga ya ba ni kafin alƙalami a kansu. Akwai wani matashin kare da muka ajiye domin gadi, bai fi wata takwas ba. Cikin dare ya kwanta kusa da turke ya yi ta gwaigwayar igiya har ta rage zare biyu. Kafin kiran salla bijimi ɗaya ya fizge, ya ture ƙyauren kwano ya hau titi, ya kayar da wani ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, daga ƙarshe ya afka kwalbati ya karya ƙafa. Dole aka yanka shi nan take, aka sayar da naman yadda ta kama. Na biya gyaran babur, na biya magani, na kuma mayar wa mahauci kuɗinsa. Duk saboda igiyar da kuɗinta bai kai na buhun dusa ba.

Yaron da ke kwana wurin ya ɗauko sanda zai huce a kan karen, na ce ya ajiye. Mu da muka yi 'yar Islamiyya mun san hadisi ya yi rangwame a ajiye kare domin tsaron dabbobi da gona da farauta, mun kuma san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Tunda ka ajiye shi yana yi maka aiki, haƙƙinsa yana wuyanka. Laifin nawa ne, ba nasa ba.

ME KE SA KARE TAUNA

Wani likitan dabbobi da muke hulɗa da shi ne ya warware mini. Ya ce tauna ga kare kamar tuƙa ce ga saniya, ba a hana ta, sai dai a zaɓa masa abin da zai tauna. Kwikwiyo yana da haƙora 28, babba yana da 42. Daga wata uku ko huɗu yake fara famfara, har zuwa wata shida ko bakwai, kuma a wannan tsakani dasashinsa na ƙaiƙayi, duk abin da ya samu zai kai baki. Babban kare kuwa abu uku ke sa shi: yunwa, zaman kaɗaici a ɗaure da sarƙa tun safe har dare, da kuma ƙanshi. Igiyoyinmu sun sha gumin dabba da gishiri da jini, a hancin kare kuwa wannan abinci ne.

Saboda haka matakin farko ba saye ba ne. A ciyar da shi ya ƙoshi, a ajiye masa ruwa a inuwa, a kwance shi ya zaga. A rataye igiyoyi da dabaibayi da takalma sama inda bakinsa ba ya kai. Sa'an nan kada a yi kuskuren da yawancinmu ke yi, wato jefa masa tsohuwar igiya ko tsohon takalmi wai ya yi wasa. Kare bai san tsohuwa da sabuwa ba. Ka koya masa igiya abin ci ce, ranar da ya gama da tsohuwar zai koma kan ta turke.

MAI TAURI BA SHI NE MAI KYAU BA

Bayan asarar nan sai na ce bari in ba shi abin da ba zai iya cinyewa ba. Na aika aka kawo ƙashin ƙwaurin sa, wanda ya fi kowane tauri. Bai yi wata guda ba muka ga yana tauna da gefe ɗaya, ga kumburi a ƙarƙashin idonsa. Da likita ya duba sai ga babban turmin sama, wanda kare ke datsa nama da shi, ya tsage gida biyu ya yi ruwa. Sai da aka cire shi.

A nan na koyi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu muna neman abin da kare ba zai iya fasawa ba. To abin da haƙori ya kasa fasawa, shi yake fasa haƙori. Abin da ake so shi ne mai jimiri amma yana ɗan lotsawa. Likitocin dabbobi suna da awo mai sauƙi: ka danna farcenka a jiki, in bai yi ko ɗan shaida ba, ya yi tauri da yawa. Ko ka tambayi kanka, in aka buga mini wannan a gwiwa zan jure? In ba za ka jure ba, kada ka ba shi. Da wannan awo ƙashin ƙwauri ya faɗi, ƙaho ya faɗi, kofato ma ya faɗi, domin bayan tauri yana tsagewa ya yi kaifi kamar aska. Ƙashin ɓargo da aka yanka da zarto ya zama zobe yana da nasa sharrin, yakan shige haɓar kare ta bayan fiƙa ya maƙale, sai an yi masa allurar barci a yanke.

Awo na biyu girma ne. Duk abin da zai shige bakinsa gaba ɗaya ya yi ƙanƙanta. Na uku, ka lura da yadda abin yake ƙarewa: wanda ke sudewa a hankali ya fi wanda ke ɓantarewa gunduwa-gunduwa. Dafaffen ƙashi da gasasshe, irin na ragowar miya da na masu tsire da balangu, a nan suka faɗi. Wuta tana busar da ƙashi, in aka tauna sai ya farfashe kamar kwalba ya huda maƙogwaro ko hanji. Na kaza da na kifi ba a ma maganarsu.

ABIN DA KE ZUBE A SANDAGA

Da yawa daga cikinmu muna da abokai da 'yan uwa masu sauke albasa daga Marwa da Garwa a kasuwar Sandaga, kuma motar da ta kawo dabbobi takan kwana can tana jiran lodin komawa. Kasuwar kayan gwari ce da 'ya'yan itace, saboda haka karen da ke bin mota ko gadin sito a can yana cikin haɗarin da na tike bai sani ba. Wani abokina mai albasa ya rasa karensa a kan totuwar masara. Kwana uku yana amai, ba ya ci, ba ya kashi, suna cewa sammu ne, ashe guntun totuwa ne ya toshe hanji. Totuwa ba ta narkewa a cikin kare. Haka ƙwallon mangwaro da na fiya, girmansu daidai da abin da zai wuce maƙoshi ya tsaya a hanji. Igiyar leda da ake ɗinke buhu da ita ta fi su mugunta, domin in ya haɗiye zarenta yakan tattare hanji kamar yadda mazagi ke tattare wando, har ya yanka shi. In kun ga zare na leƙowa ta bayan kare kada a ja, a kai shi wurin likita. Ita kanta albasa, ɗanya ko dafaffiya, guba ce ga kare in ta yi yawa, tana lalata masa jini.

ARZIKIN DA MUKE BARI A ABATUWA

Abin mamaki, yawancin abin da Turawa ke saye da tsada a leda domin karnukansu, daga jikin saniya aka yi shi, kuma mu muna tsallake shi kullum a abatuwar SODEPA ta Bonendale, can ƙetaren kogin Wuri. Busasshiyar agara, busasshen maƙogwaro, kunne, fatar kai, har da gaban sa busasshe, duk suna da jimiri kuma suna laushi da yawu. A wanke, a shanya su bushe ƙarau. Sai dai Duwala ba Marwa ba ce. Ruwan da ke sauka nan a shekara ya haura milimita 3,500, daga Yuni zuwa Oktoba kuwa abin da ka shanya fumfuna yake yi kafin ya bushe. Ni daga arewa nake sa a busar mini a sako cikin motar dabbobi.

In ƙashi za a ba shi, a nemi ɗanyen kan gaɓa babba mai guringuntsi da jijiya a jiki. Ya yi ta suɗa kana ganinsa, da ya cinye guringuntsin ya isa ga tsuran ƙashi sai a ɗauke a jefar. Kada ya kwana, zafin garin nan ba ya barin nama. Kirgi kuma a yanka shi da faɗi da kauri, in ya jiƙe ya rage ɗan guntu a karɓe, domin yana kumbura a ciki. Fatar da aka zuba wa gishiri ko hodar maganin ƙwari domin ajiya ba ta kare ba ce.

Abu biyu a kiyaye su kamar wuta. Na ɗaya, mushe. Dabbar da ta faɗi ta mutu haka kawai a mota ko a tike, musamman in jini na fita ta hanci ko ta baya, ana tsoron ciwon saifa. Ba a feɗe ta, ba a ba kare ƙashinta ko fatarta, a kira ma'aikatan dabbobi. Na biyu, ƙululan nan masu ruwa da akan gani a huhu ko hanta, waɗanda mahauci kan yanke ya wurga wa kare. 'Ya'yan wata tsutsa ne a ciki. In kare ya ci sai ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito cikin kashi ya gauraya da harawa da ruwan sha, dabbobinka su ɗauka, yaranka ma su ɗauka. A jikin mutum ƙulun kan yi shekaru yana girma a hanta, sau da yawa sai an yi tiyata. A ƙone su ko a binne da zurfi.

NA ROBA

Wanda yake da hali ya sayi na roba mai kauri, shi ya fi daɗewa. Wanda ya fi suna shi ne Kong, kuma asalinsa zai ba ku dariya. Wani makanike ne a birnin Denba ta Amurka, Joe Markham, karensa ya dami duwatsu da tauna har haƙoransa suka fara lalacewa. Wata rana yana gyaran wata Volkswagen sai karen ya ɗauki wani dunƙulen roba na ƙarƙashin motar ya manta da dutse. Daga nan ya ƙera irinsa, ya fara sayarwa a 1976. Ja shi ne na karnuka gama-gari, baƙi shi ne na masu ƙarfin muƙamuƙi. Cikinsa rami ne, sai a cusa ragowar tuwo ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar yaji, kare ya wuni yana fama da shi ya bar maka igiya. A tambaya a shagunan maganin dabbobi, ko a sa mai tafiya ya riƙo.

A kula, araha ba ta ado. Na jabu ba shi da nauyi, yana warin kananzir, in ka murɗa shi sai ka ga yana tsagewa. Kayan wasan yara na roba mai ƙara in an matsa, kare mai ƙarfi minti biyar zai yi ya haɗiye abin ƙarar. Ƙwallon tanis tana kwasar yashi ta goge haƙori kamar magagari, babban kare kuma yana iya shaƙewa da ita. Tsohuwar tayar mota da waya a cikinta. Kowane iri ka saya ka riƙa dubawa duk mako, da ya fara ɓantarewa ka canja.

IN TAUNA TA CANJA KAMA

Wannan ita ce maganar da ta fi duk na baya nauyi. In karen da ka san halinsa ya tashi rana ɗaya yana cizon icce da ƙarfe da sarƙarsa, yawu na dalala, muryarsa ta canja, ko haɓarsa ta saki kamar ƙashi ya maƙale masa, kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai zai ciro. Haka haukan kare yake zuwa. A tsare shi daga nesa a kira likita. Wanda aka ciza, mutum ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba a jira a gani. Da alamun cutar sun bayyana kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya. Shanu ma suna ɗauka in an cije su. A yi wa kare rigakafi, a adana takardarsa tare da takardun dabbobi, musamman masu ƙetare iyaka da shi.

Karen nan nawa yana nan har yau da giɓinsa, ya tsufa, kuma tun da na fara ba shi agara da baƙar roba bai sake taɓa igiya ba. Wanda yake da wata dabara da ya gwada ta yi, ya rubuto wa sakataren ƙungiya mu ƙaru da juna. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai masu hanya gida lafiya, amin. Wassalam.