'A Shirye' da 'A Buɗe': Nazarin Ma'ana da Amfani

Wannan maƙala ta dubi kalmomin 'a shirye' da 'a buɗe', bisa misalai irin waɗanda ake ji a bakin masu shaguna a unguwar Kagarawal, cikin garin Gombe. Dukkansu bayanau ne da aka samo daga aikatau, wato 'shirya' da 'buɗe', waɗanda a rabon Parsons (1960) suke aji na 1 da na 4. A rubutu ba a bambanta 'ya buɗe' da 'a buɗe', amma karin sautinsu daban ne: na farko sama-ƙasa, na biyu ƙasa-sama.

Abin lura shi ne, bayanau yana nuna halin da abu yake ciki na ɗan lokaci, ita kuwa sifa tana nuna hali zaunanne. Shagon da yake 'a buɗe' da hantsi ana iya rufe shi da azahar, amma 'buɗaɗɗen fili' haka yake kullum. Tazarar ta fi faɗi a wajen 'shirya', domin 'shiryayyen yaro' ba wanda ya kintsa don tafiya ba ne, mai tarbiyya ne, wato wanda 'ya shiryu' (aji na 7). Haka nan 'ba sa shiri' rashin jituwa yake nufi.

A ganinmu, inda kalmomin biyu suke haɗuwa shi ne wajen nuna amincewa. Idan ɗan kasuwa ya ce wa abokin cinikinsa, "Alhaji, ƙofata a buɗe take," ba zancen ƙyaure yake yi ba. Nufinsa a shirye yake ya saurare shi.