Khartum Mai Suna, Umdurman Mai Jama'a

Jama'a, yau mun ɗauko mudu mun nufi Sudan, za mu auna birni. A gyara zama, don awon nan ba ya ƙarewa ba gardama.

Abin da muke kira Khartum daga nesa garuruwa uku ne da kogi ya raba: Khartum ɗin kanta, da Umdurman a yamma, da Bahri a arewa. Su kansu mutanen ƙasar babban birni mai kusurwa uku suke ce mata. Murhu ke nan, duwatsu uku, tukunya ɗaya.

A ƙidayar 2008, ƙaramar hukumar Khartum mutum dubu 639 da 'yan kai gare ta, jihar Khartum baki ɗaya kuwa miliyan 5 da dubu 274. Saboda haka idan wani ya faɗa maka yawan mutanen garin, tambaye shi a ina ya ja layi. Mudu biyu ne a kasuwar, kowa da wanda yake ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma.

To, a raba su gaɓa-gaɓa mana. Ɓangaren Umdurman ya tashi da sama da miliyan 2 da dubu 200, ɓangaren Khartum bai cika miliyan 1 da dubu 600 ba, Bahri na biye da shi a kusa. Amma a taswira Khartum ce ke da tauraro, ita ake koya wa yara a makaranta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan rinjaye ba na jiya ba ne. Tun a 1956, shekarar samun 'yanci, lokacin da garuruwan uku a haɗe ba su kai mutum dubu 250 ba, Umdurman ce a gaba. Yaya dai yaya ce, ko ƙanwa ta riga ta shiga mota.

Ga wanda ya fi ba ni dariya. Umbadda, wadda ta faro a matsayin unguwar bayan gari a gefen Umdurman, ta fito a ƙidayar nan da mutum dubu 988, wato ta fi ƙaramar hukumar Khartum, ta kuma kusa ninka ƙaramar hukumar Umdurman da ta haife ta. Kanawa kada ku yi dariya da yawa: a ƙidayar 2006, Nasarawa da Dala kowacce ta fi ƙaramar hukumar Birni jama'a. Rawani a cikin gari, taro a waje.

A faɗin ƙasa kuma, jihar Khartum ita ce auta a jihohin Sudan, da murabba'in kilomita dubu 22 da ɗoriya. Autar nan ta fi jihar Kano faɗi, ta ninka jihar Legas wajen sau shida, sai dai da yawan filin rairayi ne da gonaki. Autan giwa ai ba a goya shi.

Da yake an ambaci giwa, bayanin da ya fi yawo game da sunan Khartum shi ne hannun giwa da Larabci, saboda siririn tudun da ya miƙe tsakanin kogunan biyu. Sai ka hau sama za ka gani. Daga ƙasa dai giwar ba ta nan, sai zafi.

Ina tsakiyar gari? Idan da igiya za a gwada, ruwa za a faɗa, wajen Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa su jera tafiya kowa da launinsa kafin su gauraya. Farin ba fari ba ne, shuɗin kuma da damina jan laka yake zama. Mai raɗa sunan da alama bai je bakin kogi ba.

A cibiyar kuma akwai tsibirin Tuti, gonakin kayan lambu a tsakiyar miliyoyin mutane, wanda har farkon wannan ƙarni sai da jirgin ruwa ake shigarsa. Birni ya kewaye ƙauye, ƙauye ya ci gaba da ban ruwa.

Sarautar ma ta taɓa ƙetare kogi. Bayan faɗuwar Khartum a 1885, zamanin Mahadiyya, aka mai da Umdurman hedikwata, har tubalin gine-ginen Khartum aka kwaso aka yi gini da shi a can. Turawan Ingila suka mayar da kujerar bayan yaƙin Karari a 1898. An mai da kujera, ba a mai da tubali ba.

Ko bayan haka ba a kwashe komai ba. Fadar shugaban ƙasa a Khartum aka gina ta, amma zauren majalisar dokoki, da gidan rediyon ƙasa, da manyan ƙungiyoyin ƙwallo biyun da suka raba kan 'yan ƙasa, duk Umdurman suka zauna. Ofis a nan, hira a can.

Filin jirgin sama kuwa gari ne ya girma ya haɗiye shi, har ya zama unguwanni irin su Amarat da Riyad suna maƙwabtaka da shi katanga da katanga. Rakiyar matafiyi ba ta cin mai.

A lura, duk lissafin nan na kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne, wanda ya tarwatsa mutane da dama daga gidajensu. Allah Ya kawo musu sauƙi.

Namu ma suna cikin ƙidayar: jikokin mahajjatan da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yada zango, zangon ya zama gida, ake haɗa su da sauran mutanen yamma a kira su Fallata. Tsiren da suka je da shi ya bi garuruwan uku da sunan agashe, kuma shi bai taɓa tambayar wace gaɓa ce babba ba. A ƙara ƙuli, malam.