Intrepid: Kalmar Turanci ga wanda jikinsa ba ya rawa a gaban haɗari

Duk mai bibiyar jaridun Turanci ya sha cin karo da kalmar intrepid, musamman wajen siffanta ɗan jaridar da ya kutsa fagen daga, ko matafiyin da ya ratsa hamada shi kaɗai. Masu fassara kan mayar da ita "jarumi" su wuce, alhali ma'anarta ta fi haka ƙayyaduwa.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, inda ake cewa intrepidus. Gaɓar farko, wato in, korewa take yi, shi kuwa trepidus shi ne wanda ya firgice har ya rasa natsuwa. Ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 17, kuma tushensu ɗaya da trepidation, wadda ke nufin fargaba.

Ke nan wanda aka kira intrepid ya san akwai haɗari, ya gan shi ƙuru-ƙuru, amma gabansa bai faɗi ba, kuma bai ja da baya ba. Wannan ne ya raba shi da mai ganganci, wanda Bature ke kira reckless, domin shi wannan bai ma tsaya ya auna haɗarin ba. A Hausa, "mai dakakkiyar zuciya" ya fi kusa da ita.

Kalma ce ta rubutu da jawabin girmamawa, ba kasafai ake jin ta a hirar kasuwa ba. Sunan da aka samo daga gare ta, intrepidity, yana cikin lafazin da ake karantawa yayin bai wa soja lambar yabo mafi girma ta Amurka. Haka kuma Intrepid ne sunan wani jirgin ruwan yaƙi mai ɗaukar jiragen sama da ya fara aiki a 1943, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a tekun Pasifik, sannan aka mayar da shi gidan tarihi a birnin New York a 1982.

Sai dai akwai tarkon da ke kama mai fassara. Turawa, musamman na Ingila, kan yi amfani da kalmar cikin zolaya. Idan jarida ta kira wakilinta intrepid saboda ya fita cikin yayyafi ya ɗanɗano abincin wani sabon shago, tsokanarsa ake yi. Wanda ya fassara wannan da "gwarzon ɗan jarida" ya ba mutumin kirarin da ko editansa bai yi niyyar ba shi ba.