FASHIN BAƘI: Yadda ake gina juriyar awa guda a kan injin tuƙin kwale-kwale

Wanda ya saba shiga gidan motsa jiki ya san yadda abin yake ƙarewa. Matashi zai zauna a kan injin tuƙin kwale-kwale, ya ɗaure ƙafafunsa, ya tura ɗan maɓallin da ke gefen fankar zuwa lamba 10, sannan ya shiga fizgar mariƙin kamar mai jan guga ana gobara. Kafin minti biyar numfashi ya sarƙe, damatsa sun yi nauyi, ƙugu ya fara ƙorafi. Sai ya sauka ya koma wajen ɗaga ƙarfe, yana cewa injin ba nasa ba ne.

A kan wannan injin dai wasu ke shafe awa guda ba tare da sun galabaita ba, wasu ma har su cinye mita 42,195, wato tsawon gudun yada-ƙanin-wani na duniya. Ba ƙarfin damtse ya raba su da matashin can ba. Abin da suka sani shi ne, juriya a hankali ake gina ta, cikin saurin da mai kallo zai ɗauka wasa ake yi, kuma wannan ne darasin da ya fi wuyar karɓa ga mai jini a jika.

Injin da iska ke riƙe da shi

Samfurin da ya fi yaɗuwa a duniya na kamfanin Concept2 ne, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Dick da Pete Dreissigacker, suka kafa a jihar Vermont ta Amurka a 1976. Filafilin tuƙi suka fara ƙerawa. A 1981 suka fito da injinsu na farko, da wilin keke a matsayin fanka, domin matuƙa su samu abin atisaye a lokacin hunturu idan koguna sun daskare. Shekara guda bayan nan aka fara gasar cikin ɗaki ta CRASH-B a birnin Boston.

Yadda injin ke aiki shi ne matakin farko na fahimtar juriya. Babu wani nauyi da aka rataya masa. Iska ce ke turje wa fankar, kuma gwargwadon ƙarfin da ka ja, gwargwadon turjiyar da za ka ji. Maɓallin nan mai lamba 1 zuwa 10 yawan iskar da ke shiga gidan fankar kawai yake daidaitawa, tamkar giyar keke. A lamba 10 fankar na saurin rage gudu tsakanin ja da ja, sai ka ji kamar kana tuƙa kwale-kwalen da aka danƙara wa buhunan hatsi. Kamfanin da kansa yana ba da shawarar a tsaya tsakanin 3 da 5, kuma a wajen nan ne manyan matuƙa ke yin yawancin aikinsu. Wanda ya kai shi 10 don kada a raina shi, ƙugunsa ne zai biya kuɗin.

Sai lambar da ke tsakiyar allo, wadda ke nuna lokacin da za ka ɗauka kafin ka cinye mita 500. A nan akwai lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Ƙarfin da ake buƙata yana ninkuwa ne fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, domin haka turjiyar iska da ta ruwa take. Mai tafiya a kan 2:00 yana fitar da kimanin wat 203. Idan ya matsa zuwa 1:50, sai ya fitar da wat 263, ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari saboda daƙiƙa goma kacal. Idan kuwa ya sassauta zuwa 2:10, wat 159 sun ishe shi. A 2:20, kimanin 128. Daƙiƙa ashirin ɗin da mutum ke jin kunyar saki su ne ke sauke masa fiye da sulusin wahalar, kuma su ne tazarar da ke tsakanin minti takwas da awa guda.

Me ya sa a hankali?

Tseren da aka sani a wasannin Olamfik na mita 2,000 ne, kuma a 2018 ɗan ƙasar Ostareliya Josh Dunkley-Smith ya cinye wannan nisa a kan injin cikin minti 5 da daƙiƙa 35.8. Ko a irin wannan gajeren tsere mai ƙona ƙirji, kusan kashi uku cikin huɗu na kuzarin da jiki ke ƙonawa ta hanyar iskar oksijin yake zuwa. To ina ga zaman awa guda.

Wannan hanya ta oksijin abubuwa uku ke riƙe da ita: yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, yawan ƙananan jijiyoyin jini da ke kewaye da tsoka, da yawan mitokondiriya, wato 'yan mitsi-mitsin sassan ƙwayar halitta da ke mayar da sukari da kitse kuzari. Dukkansu yawan sa'o'in aiki ne ke raya su. Aikin da ya tsananta kuwa ba ya maimaituwa kullum. Yakan bar jiki da bashin gajiya na kwana biyu ko uku, sai sa'o'in da ake nema su ƙi taruwa.

Masanin motsa jiki Stephen Seiler, Ba'amurke mazaunin ƙasar Norway, ya yi suna wajen bin diddigin yadda zakarun wasannin juriya ke rarraba atisayensu. Abin da ya yi ta gani shi ne kimanin kashi 80 cikin ɗari na atisayen mai sauƙi ne, ragowar kashi 20 ne mai tsanani. A wani nazari da shi da Åke Fiskerstrand suka wallafa a 2004 kan matuƙan Norway da suka ci lambobin yabo tsakanin 1970 da 2001, sun tarar cewa cikin waɗannan shekaru sa'o'in atisaye mai sauƙi sun ƙaru, na mai tsanani sun ragu ƙwarai, amma ƙwazon matuƙan sai hauhawa ya yi.

Dole a yi adalci a nan: waɗannan mutane ne masu atisayen sa'o'i ashirin a mako, kuma masana na muhawara kan ko wannan rabo ya dace daidai da ma'aikacin da sa'o'i uku kawai yake samu. Sai dai kuskuren da ya fi yawa a wajen sababbin shiga bai canza ba. Kullum suna tsakiya: sun wuce sauƙin da za su iya daɗewa a kai, ba su kai tsananin da zai ƙara musu gudu ba. Gajiya ake tarawa, riba kaɗan.

Ta yaya mutum zai san yana inda ya dace? Gwaji mafi arha shi ne magana. Idan za ka iya faɗin cikakkiyar jimla ga na kusa da kai ba tare da ka yanke ta don neman numfashi ba, kana kan hanya. Mai agogon auna bugun zuciya zai iya neman kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na ƙololuwar bugunsa, amma ya sani lissafin nan na cire shekaru daga 220 ƙiyasi ne da kan kauce sosai ga wasu mutane. Matuƙa kuma suna da tasu ƙa'idar: ka ƙara daƙiƙa 20 zuwa 25 a kan matsakaicin gudunka na tseren mita 2,000. Wanda ke cinye shi cikin minti takwas, doguwar tafiyarsa tana tsakanin 2:20 da 2:25. Yawan ja kuwa kada ya wuce 18 zuwa 22 a minti.

Wannan adadi na ja yana ba sababbi mamaki, domin sun saba da 30. Sirrin yana cikin tsarin jan. Fiye da rabin ƙarfin daga ƙafa yake fitowa: a fara turawa da ƙafafu hannaye na miƙe, sannan gangar jiki ta ɗan kishingiɗa baya, hannaye su ƙarasa da kawo mariƙin ƙasan ƙirji. Wajen komawa sai a juya tsarin, hannaye su fara tafiya, jiki ya biyo, gwiwa ta lanƙwashe daga ƙarshe. Komawar ta ɗauki ninki biyu na lokacin jan. A cikinta ake hutawa, sau ashirin a kowane minti, kuma wanda ya ruga gaba da sauri ya zubar da hutun nan da hannunsa.

Daga minti ashirin zuwa sittin

Mai fara wa zai iya ɗaukar minti 20, sau uku a mako, ya riƙa ƙara minti biyar a kan zama ɗaya duk mako ko mako biyu, ya kuma rage yawan aikin a kowane mako na huɗu. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙasusuwa suna baya, shi ya sa rauni kan zo daidai lokacin da mutum ya fara jin daɗin jikinsa. Bayan wata biyu ana iya shigo da zama ɗaya mai zafi a mako, misali minti huɗu na matsawa sau huɗu da hutun minti uku a tsakani. Ɗaya ya isa.

Batun ƙugu ya cancanci a dakata a kansa, domin shi ne ke raba mutane da injin har abada. Ciwon ƙasan baya shi ne raunin da ya fi addabar matuƙa, kuma wani bincike da aka yi kan matuƙan jami'o'in Amurka ya alaƙanta shi da zaman da ya haura minti 30 a kan injin. Dalilin a bayyane yake: idan tsokokin da ke riƙe da gangar jiki suka gaji, ƙashin baya sai ya fara lanƙwasa a farkon kowane ja, daidai inda nauyi ya fi yawa, kuma a awa guda ana ja sau 1,200. Saboda haka masu horarwa da yawa ke yanka doguwar tafiya gida-gida: minti 20 sau uku, ko minti 30 sau biyu, da hutun minti ɗaya ko biyu a tsakani don a miƙe tsaye, a sha ruwa, a warware ƙugu. Ɗan wannan hutu ba ya rage amfanin da zuciya ke samu a zo a gani. A ganina, wanda bai da niyyar shiga gasa ba shi da wani dalilin yin awa guda a zaune cur.

Ciwon mazaunai da bororon tafin hannu ƙananan matsaloli ne, amma sukan kori mutum. Tawul da aka ninka ko siririn soso a kan kujerar yana taimakawa. Mariƙin kuma da yatsu ake saƙale shi, ba a damƙe shi kamar ƙotar gatari. Bororon kan zama kanta cikin 'yan makonni.

Zafi, ruwa da abinci

Yawancin shawarwarin da ke yawo game da injin nan a ƙasashe masu sanyi aka rubuta su. Mai atisaye a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana da ƙarin abin lura. Mai gudu ko mai keke iska na kaɗa shi; mai tuƙi a ɗaki yana wuri ɗaya, gumi na zuba ba ya bushewa. Yayin da jiki ke ɗumama kuma ruwa ke raguwa, bugun zuciya kan yi ta hawa ko da gudun bai canza ba. Idan haka ta faru bayan minti 30 ko 40, gudun za a rage, kada a bi lambar allo. Injin kansa ba ya buƙatar wutar lantarki, batir biyu ke riƙe da allonsa, amma fankar da za ta kaɗa mutum tana buƙata, kuma a bazara tana da muhimmanci kamar ruwan sha. In babu wuta, bayan asuba ya fi.

Hanyar sanin ruwan da ake asara mai sauƙi ce: a hau sikeli kafin zama da bayansa, kowane kilo ɗaya da ya ragu kimanin lita ɗaya ce, ban da abin da aka sha a tsakani. Ba a kuma son ɗura ruwa fiye da kima, domin yana iya tsarma gishirin jini. Zaman da bai wuce awa guda ba ba ya buƙatar abinci a tsakiyarsa. Wanda ya doshi awa ɗaya da rabi zuwa sama kuwa, sukarin da jiki ya ajiye a tsoka da hanta zai fara ƙarewa, kuma abin da masana suka saba ba da shawara shi ne giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa. Ayaba ɗaya da dabino uku ko huɗu sun kai wannan. Mai azumi ya bar doguwar tafiya sai bayan buɗa-baki. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri yayin motsa jiki, ya ga likita kafin ya fara.

Saura gundura, wadda ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce. Babu kogi, babu gaɓa, sai bango da lambobi. Wasu kan juya allon su bi agogo kawai, wasu kan canza yawan ja daga 18 zuwa 20 zuwa 22 duk bayan minti biyar don hankali ya samu abin riƙewa. Tun da saurin na magana ne, kunne a sake yake, awa guda ta ishi mutum ya saurari shirin siyasa na rediyo daga farko har ƙarshe, in dai ba zai bar ɓacin rai ya ƙara masa gudu ba. Abin da ya fi amfani shi ne a fara rabin farko da ɗan sassauci fiye da yadda jiki ke so, a bar matsawa sai minti goman ƙarshe.

Ci gaba kuma ba a yawan gumi ake gane shi ba. A zaɓi zama ɗaya, misali minti 30 a kan ja 20, a maimaita shi duk bayan mako shida a lokaci ɗaya na yini, a rubuta nisan da aka ci da matsakaicin bugun zuciya. Idan nisa ya ƙaru bugun bai ƙaru ba, aikin yana ci. Mai riƙe 2:20 na awa guda zai cinye kimanin mita 12,850. A kan wannan gudu, rabin yada-ƙanin-wani mai mita 21,097 zai ɗauke shi awa ɗaya da minti 38, cikakken kuma awa uku da minti 17.