Tsamo Gundarin Rubutu da Bayanan Shaidarsa

Duk takardar da aka adana a kwamfuta tana ɗauke da abu biyu: gundarin saƙon da ke cikinta, da kuma bayanan shaida, wato bayanan da ke faɗin sunan takardar da marubucinta da ranar da aka rubuta ta da harshenta. Manhajojin sarrafa rubutu, irin su Drupal da ta fito a 2001 da WordPress da ta biyo baya a 2003, an gina su ne a kan raba waɗannan biyun, ta yadda kowane bayani zai zauna a gurbinsa cikin rumbun ajiya, a iya kiransa shi kaɗai a duk lokacin da buƙata ta taso.

Amfanin wannan rabo yana fitowa fili a masana'antun jima na Challawa, kusa da Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso ta jihar Kano, inda ake sarrafa fatun awaki da tumaki don fitarwa ƙasashen waje. Takardar kowane ƙunshi na fata takan faɗi irin dabbar, da darajar fatar, da faɗinta a ma'aunin ƙafa murabba'i, da matakin da jima ta kai. Idan an zuba waɗannan duka cikin jimla guda, mutum zai karanta ya gane, amma na'ura ba za ta iya ware fatun jar akuyar Sakkwato masu daraja ta ɗaya daga sauran ba sai ta bi rubutun tana lalube.

Wannan laluben shi ne aikin manhajar tsamo bayanai. Takan fara da zubar da abin da ke maimaituwa a kowace takarda, kamar tambarin kamfani da adireshinsa da tallace-tallace, sannan ta ɗauki sashen da ya fi yawan jimloli a matsayin gundari. Inda aka yi wa bayani alama tun farko, ba ta da wahala. Inda ba a yi ba kuwa, ƙiyasi kawai take yi, kuma sau da yawa takan ɗauki ranar da aka gyara takarda a madadin ranar da aka rubuta ta. Don rage irin wannan kuskure ne aka fito da tsarin Dublin Core mai gurabe 15 na bayanan shaida, wanda ya samo asali daga wani taro na 1995 a garin Dublin na jihar Ohio ta Amurka, sai kuma schema.org da Google da Microsoft da Yahoo suka ƙaddamar a 2011. Masana'antun abinci da sha na Sharaɗa da Bompai a Kano sun saba da irin wannan horo ta wata fuska, domin lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewar kaya kowacce tana da muhallinta a jikin kwali.

Rubutun Hausa yana da tasa matsalar. Tsarin Unicode ya ba haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, lambobinsu na kansu, sai dai da yawa daga masu buga takardu ba sa sanya su, saboda haka wanda ya nemi "ƙafa" a rumbu ba lalle ne ya samu takardar da aka rubuta "kafa" a ciki ba. Haka kuma 03/04/2024 tana nufin 3 ga Afrilu a Kano, alhali manhajar da aka saita bisa tsarin Amurka za ta karanta ta 4 ga Maris. Kamfanin da bai kafa wa ma'aikatansa ƙa'idar rubuta haruffa da kwanan wata tun daga teburin akawu ba, babu manhajar da za ta tsamo masa sahihan bayanai daga baya.